Daga Yamai zuwa Tawa: ranar da Mushe ya sake kiran suna

Ƙarfe huɗu na asuba na bar gida a Yamai, riga biyu a jikina, don hunturu ya kama sosai. Na tarar kar ta kusa cika a tasha. Cikin jakata akwai turmin shadda da na sayo wa malaminmu, wanda muke kira Mushe, da wani tsohon hoto na ƴan ajin CM2, ajin ƙarshe na firamare, wanda gefensa ya fara cinyewa. Shekara 40 ke nan da muka zauna jarrabawar CFEPD, ta gama firamare, a 1985, sai wasu cikinmu suka ce ya kamata mu ga juna tun muna da sauran numfashi. Aka tsai da Tawa, domin can mafi yawanmu suke zaune yanzu, kuma garinmu ba nisa.

Da duhu muka wuce Kure, ko raƙumin dawa ɗaya ban gani ba. Gari ya waye mana wajen Doso. Daga nan sai Dogon Dutsi, sai doguwar hanyar Birnin Ƙwanni, wajen kilomita 420 daga Yamai, inda muka sauka muka ci abinci, masu canjin naira da sefa suna ta kai da komo. Duk wannan ban ba shi hankali ba. Sai da muka kai Tsarnawa, kar ta bar hanyar Maraɗi ta miƙe arewa, sannan gabana ya fara faɗuwa. Jar ƙasar Adar ta bayyana, da duwatsunta baƙaƙe da rumbunan laka masu ƙaton ciki. Na ciro hoton na ɗora bisa gwiwa.

A 1979 aka kai mu lakwal. Mu sittin da ɗoriya ne a ajin CI, wato ajin farko, cikin rumfar kara, kowa da ɗan allonsa da guntun alli. Uwayenmu da yawa ba da son ransu suka ba da mu ba, mai gari ne ya rubuta suna. Abin da ba na mantawa shi ne sambol: wani ƙashi ne da aka ɗaura wa igiya, duk wanda ya kuskure ya yi Hausa a cikin aji sai a rataya masa a wuya, shi kuma ya dinga kasa kunne har ya kama wani. Wanda ya kwana da shi, da safe bulala. Yara ƴan shekara bakwai aka mayar masu gadin bakin juna. Har yau ina ganin wannan zalunci ne, ko da yake malaman su ma haka aka yi musu.

Cikin hoton mu ashirin da uku ne kawai. Wasu ƴan matan an yi musu aure tun daga CE2, aji na huɗu. Amma abin da ya kwashe mu da yawa shi ne farin 1984, yunwar da mutanenmu suke kira El-Buhari, saboda a shekarar ce Najeriya, ƙarƙashin mulkin Buhari, ta rufe iyakarta, hatsi ya daina shigowa. Lokacin Seyni Kunce ne ke mulki. Na tuna layin mata da ƙwarya suna jiran dawar taimako. Gidaje sukutum suka tashi. A cikin waɗanda suka tafi har da wanda muke zama teburi ɗaya da shi tun CP, aji na biyu, yaron da babu kamarsa a lissafi duk ajin. Kafin Mushe ya gama rubuta tambaya, shi ya ɗaga allo. Ni kuwa sau nawa na leƙa nasa, Allah kaɗai ya sani. Wata safiya wurinsa ya zama wayam. Aka ce ya bi yayansa bida Abijan, kamar yadda Adarawa suka saba. Ban sake ganinsa ba.

Bayan Badagishiri barci ya ɗan ɗauke ni. La'asar ta gabato muka shiga Tawa, an cinye wajen kilomita 550, ƙura ta yi mana fari fat.

Washegari aka taru a gidan ɗaya daga cikinmu. An shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin dogon yaro, ga fura da nono, ga cuku, ga shayi bisa gawayi. Gane juna ya zama aiki. Wata Hajiya ta dube ni ta dube ni, sannan ta tafa hannu ta ce, “Kai ne mai kukan nan ranar allura!” Aka kwashe da dariya. Akwai malamin asibiti, akwai jandarma mai ritaya, akwai dillalin albasa da ke loda ta Galmi zuwa Gana, da manoma da yawa. Wani ya tuna mana cewa a watan Maris na 2025 hukuma ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ya ce, “To ina sambol ɗin yau?” Mushe, wanda aka ɗauko daga gida yana dogara sanda, ya sunkuyar da kai ya ce, “Ƴaƴana, ku yafe mini.” Muka ce wallahi mun yafe, mu ma ya yafe mana.

Sai ya buɗe wani tsohon kundi. Ashe ba sunayen CM2 ya zo da su ba, na ajin farko da ya karɓe mu ne, kowa da kowa, har waɗanda ba su kai ƙarshe ba. Ya fara kira, suna da sunan uba, kamar dā. Mai rai ya amsa “firezan”, wato “ga ni”. Wanda ya rigaye mu, sai mu haɗa baki mu ce Allah ya jiƙansa. Na ƙirga goma sha huɗu, na daina ƙirgawa.

Da ya kira sunan abokin teburina, har na buɗe baki zan ce ya tafi bida. Sai wata murya daga bakin zaure ta ce, “Firezan, Mushe.” Wani dattijo ne siriri, gemu fari, hannuwansa duk kanta. Ya ce shekara 31 ya yi a Kwaddebuwa yana tura amalanke da sayar da shayi, yanzu ya dawo yana noman rani a fadama. Tun safe yake tsaye a waje, wai yana jin nauyin shigowa tunda bai gama lakwal ba. Na tashi na riƙe shi, na kasa cewa komi sai “ɗan'uwa, ɗan'uwa”. Ya ce, “Kana nan kana leƙen allon mutane?”

Na nuna masa hoton. Ya bi fuskokin da yatsa ɗaya bayan ɗaya yana faɗin sunaye, bai kuskure ko guda ba, ya kai ƙarshen layi ya tsaya. An ɗauki hoton ne wata huɗu bayan tafiyarsa.

Kafin magariba jikan mai gidan ya jera mu zai ɗauke mu da salula. Mushe ya ɗaga sanda ya ce a dakata. Ya matsa gefe bisa kujerarsa, ya kira abokin teburina da sunan ubansa, ya ce, “Zo nan kusa da ni.”