Kufai a tsakiyar Yorkshire

Aikin kula da tsofaffi ne ya kawo ni arewacin Yorkshire. Ni kaɗai na fara zuwa, iyalina suka biyo baya da na samu gidan haya kusa da Malton, wani ƙaramin garin kasuwa da gonaki da makiyayar tumaki suka kewaye. Watannin farko tsakanin wurin aiki da gida suka ƙare. In fita da duhu, in dawo da duhu, domin a hunturun nan kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi. Sallar Juma'a kuwa sai na hau jirgin ƙasa zuwa York. Maƙwabta ba su da mugun hali, amma kowa ƙofarsa a rufe take, kuma mutumin da ya tashi a inda ake tambayar gida da gajiya da yara kafin a taɓo magana, irin wannan shirun yana cin sa a hankali.

A cikin waɗanda nake kula da su akwai wata dattijuwa da ta haura shekara 80. Al'adar wurin ita ce a kira kowa da sunansa na yanka, ni kuwa bakina ya kasa, sai na riƙa ce mata Mama, ita ma ta amsa. Abin da ta ci da safe yakan ɓace mata, amma da an taɓo Wharram Percy, wani tsohon ƙauye da ya zama kufai, sai ta gyara zama. Tana budurwa, in ji ta, takan je can aikin sa kai a lokacin zafi, su yini a durƙushe suna kankare ƙasa da cokalin birkila, suna neman gidajen talakawan da suka watse tun shekaru 500 da suka wuce. Ta ce min, ɗana, kana zaune kusa da wurin, ka je ka gani.

Da na gaya wa maiɗakina, sai ta ce, "Malam, ɗan hutun da ka samu, kufai za ka kai mu?" Duk da haka ta shirya yara muka tafi. Ba a biyan kuɗin shiga, hukumar English Heritage ce ke kula da wurin. Daga inda ake ajiye mota akwai tafiyar ƙafa da ta ɗan haura kilomita 1, gangare ne, kuma ta cikin gonakin mutane take bi. A ƙofar shingen farko na tsaya, domin baƙo baƙar fata ba ya son a gan shi a gonar wani. Wasu ma'aurata da suka zo da karensu suka nuna min alamar da ke jikin itace, suka ce hanya ce da doka ta ba kowa, mai gona ba shi da ikon tare ta. A kan wannan hanyar na fara ganin Bature yana gaishe ni tun kafin in gaishe shi. Duk wanda muka gamu da shi sai ya ce wani abu, ko a kan ruwan sama, ko a kan laka.

An tsallaka tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka daina amfani da ita, sai kwari ya buɗe. Abin da ya rage a tsaye shi ne kangon cocin St Martin, babu rufi, wani sashen hasumiyarsa ya rufta tun 1959, ga tafki a gefensa inda injin niƙa mai aiki da ruwa ya taɓa zama. A kan tudu kuma ƙasa ce mai ƙulle-ƙulle, kamar an yafa koren bargo a kan kayan ɗaki. Sai an nutsu ake gane layin gidaje, kowanne da filinsa a gaba da 'yar gonarsa a baya, da hanyar da ƙafa da kofato suka ƙwaƙule har ta yi zurfi.

Sunan ƙauyen yana cikin babban kundin ƙidayar ƙasa na shekarar 1086. A lokacin da ya fi cika, wajen ƙarni na 13, an kiyasta mutanensa sun kai 200, suna noman hatsi suna biyan masu ƙasa, ciki har da gidan Percy da aka laƙaba wa ƙauyen sunansu. Yunwar 1315 zuwa 1317 ta taɓa Ingila, annobar 1348 zuwa 1349 ta kashe ɗimbin jama'a, amma ƙauyen ya rayu bayan su. Abin da ya gama da shi lissafin riba ne. Bayan annobar ma'aikata sun yi ƙaranci, ladansu ya tashi, gashin tumaki kuma yana ta daraja saboda masaƙun Ingila. Mai ƙasa ya duba ya ga makiyayi ɗaya da garke sun fi masa gidajen manoma kawo kuɗi. Wani binciken gwamnati na 1517, a zamanin Sarki Henry na 8, ya rubuta cewa an kori iyalai 4 daga Wharram Percy an rushe gidajensu. Kafin 1527 gonakin duka sun koma makiyaya. Irin waɗannan ƙauyuka da aka gano a Ingila sun kai kusan 3,000.

Tun ranar nake kallon ƙauyen Ingila da wani ido. Wannan koren fili mai tsafta da ake sa wa a katin gaisuwa, wani sashensa korar mutane ce ta share shi. Raina ya ɓaci a madadin waɗannan iyalai, kuma na ji kusanci da su fiye da yadda na ji da duk wani ginin sarauta da na gani a ƙasar nan.

Maurice Beresford, malamin tarihin tattalin arziki a Jami'ar Leeds, ya fara zuwa wurin a 1948, lokacin da wasu manyan masana ke shakkar ko an taɓa yin irin waɗannan ƙauyuka da yawa. Ya soma tono a 1950, John Hurst, masanin tonon kayan tarihi, ya haɗu da shi a 1952, aka ci gaba duk shekara har 1990. Maimakon haƙa 'yan ramuka, sai suka riƙa buɗe fili gaba ɗaya suna bin sa hawa-hawa, suna rubuta mazaunin kowane dutse. Haka suka gano dogayen gidaje masu harsashin dutsen alli, mutane a gefe guda, shanu a ɗaya gefen, rufi ɗaya. Da farko sun ɗauka bukkoki ne marasa ƙwari da ake sake ginawa kowane zamani. Daga baya aka sake nazari aka ga gidaje ne masu manyan ginshiƙan katako da suka daɗe a tsaye, bangon kawai ake gyarawa.

Maganar maƙabarta ce ta fi tsaya min a rai. An tono ƙasusuwan mutum 687 a harabar cocin. Daga cikinsu aka gane cewa uwaye kan shayar da jarirai har wajen wata 18 kafin yaye, kuma yaro ɗan shekara 14 a lokacin bai wuce tsawon ɗan shekara 10 na yanzu ba, saboda ƙarancin abinci da cuta. A 2017 kuma aka fitar da bincike kan wasu ƙasusuwa 137 na aƙalla mutum 10, waɗanda aka samu a rami nesa da maƙabarta, da alamun sara da ƙuna bayan mutuwa. Masu binciken suna ganin tsoron kada mamaci ya tashi ya dawo ne ya sa aka yi musu haka. A tarbiyyar da na samu ba a buɗe kabari, kuma har yau zuciyata ba ta kwanta da hakan ba. Sai dai waɗannan bayin Allah ba su bar rubutu ba, masu ƙasa ne suka bar takardu, don haka jikinsu kaɗai ya ba da shaidar wahalar da suka sha. Da ni ake shawara, in an gama karatu a mayar da su ƙasa.

Da na koma aiki na ba Mama labari, ta riƙe hannuna tana tambayar ko tafkin yana nan. 'Yarta ta ji, ta haɗa ni da wata ƙungiyar masu sha'awar tarihin yankin, yawancinsu manoma da malaman makaranta da suka yi ritaya. A nan na yi abokaina na farko a Ingila. Suka tambaye ni ko akwai irin wannan a wajenmu, na ba su labarin Surame, birnin Kanta na Kabi da ganuwarsa ta dutse ke nan har yanzu. Amma abin da ke raina ya fi Surame kusa. Ƙauyen mahaifiyata a Zamfara babu kowa a cikinsa yau, 'yan bindiga sun tashe shi, ita tana Gusau a gidan ƙanena. Dalilin ya bambanta da na Wharram Percy, sai dai katangar laka ba ta jure damina kamar dutsen alli, kuma babu kundin da ya rubuta gidan wane ke ina.

Shi ya sa yanzu duk Lahadi nakan kira ta. Nakan ce, "Inna, mu tashi daga masallaci, gidan wa ke hannun dama?" Tana lissafowa, 'yata tana zanawa a takarda, ina naɗar muryar a waya. Mun kai ƙarshen unguwar maƙera. A kan tsohuwar rijiya ne aka samu saɓani, Inna ta ce tana gabas da tsamiya, kawuna ya rantse tana yamma, don haka makon gobe za mu nemi wani tsohon maƙwabcinsu da ke gudun hijira a Maraɗi ya raba gardamar.