Takalmi, kujera da tashar bas: abin da ake faɗa a kai a finafinan Tamil

Mai kallon fim ɗin faɗa na Tamil, wato na jihar Tamil Nadu da ke kudancin Indiya, a fassarar Hausa yakan ga jarumi na jibgar yaran bos, amma musabbabin rigimar yakan wuce shi, don a can ba a cika furta shi da baki ba. Maganar asali ce, wato tsarin da ke ɗora wasu a sama tun haihuwa, ya bar 'yan Dalit a ƙasa.

A shekarun 1990, finafinai irin su Thevar Magan da Chinna Gounder, dukansu na 1992, sunan dangin masu gonaki ne, Thevar da Gounder, a goshinsu. Jarumi ɗan gidan sarauta ne, talaka kuwa yana gefe ya naɗe hannu. Daraktoci Pa. Ranjith da Mari Selvaraj da Vetrimaaran ne suka juya akalar, kuma da ƙananan abubuwa suka yi aikin.

A Asuran na 2019, yarinya daga dangin da aka bari a ƙasa ta sa takalmi, sai aka tilasta mata ɗora shi a ka, aka zagaya gari da ita. Daga nan jini ya fara zuba. A Karnan na 2021, ƙauye guda ne bas ba ta tsayawa a bakinsa, mai ciki da ɗan makaranta sai sun taka zuwa garin da ake wulaƙanta su. Akwai wani jaki da aka dabaibaye ƙafafunsa na gaba yana ɗingishi tun farkon fim. Kwance shi da jarumi ya yi, da farfasa bas ɗin, saƙo ɗaya ne. Maamannan na 2023 ya fi su ciwo a ganina: dattijo ɗan majalisa, amma bai taɓa zama a gaban shugaban jam'iyyarsa na gunduma ba, har sai da ɗansa ya ce masa ya zauna. Kujera ɗaya ta tayar da yaƙin.

Launi ma magana ne. A Kaala na 2018, jarumi Rajinikanth baƙaƙen kaya yake sawa a Dharavi, unguwar talakawa ta Mumbai, mugun kuwa fari fat, gidansa tsaf.

Inda har yanzu ake tuntuɓe shi ne wajen mata. Jarumi baƙi ne kamar yawancin mutanen Tamil Nadu, amma jaruma sai an nemo fara sol, sau da yawa ba ta jin yaren, wata ce ke ɗora mata murya. Har Baturiyar Ingila, Amy Jackson, aka riƙa ɗauka. Dalilin kasuwa ne: furodusa na son fuskar da za ta sayu idan aka fassara fim ɗin zuwa yarukan Telugu da Hindi.

Musulmi ma sun daɗe a gurbin ɗan ta'adda. Ƙungiyoyinsu sun yi zanga-zanga kan Thuppakki a 2012, gwamnatin jihar ta dakatar da Vishwaroopam na ɗan lokaci a 2013, Kuwait kuma ta hana nuna Beast a 2022. Maanaadu na 2021 ya bi ta bayan gida: jaruminsa, Abdul Khaaliq, matashi ne da ya zo biki, wani ɗan sanda ya shirya laƙaba masa kisan babban ministan jihar don kawai sunansa zai sa jama'a su yarda.