Wufa a gidan haya: wacce za ka saya maƙwabci ya samu barci

Gidan da nake haya a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura irin ginin nan ne da ake yi saboda malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da aka turo daga nesa: ciki da falo a jere, bulo inci 6, rufin kwano ɗaya ya lulluɓe mu duka. Katangar da ta raba ni da maƙwabcina ma ba ta kai kwano ba, a silin ta tsaya. In ya yi tari da dare ina ji. A cikin irin wannan gida nake da wufa, wato akwatin lasifikar nan mai fitar da sauti mai kauri, shi ya sa samarin da ke haɗa kayan ɗaki gabanin aure suke yawan tare ni a bakin masallaci da tambayar wacce za su saya. Amsata ba ta cika yi musu daɗi ba, don kullum ƙarama nake cewa.

Ba na ganin laifin mai son ta. Filasmar zamani ta sirance har ba ta da wurin sa lasifikar kirki, sauti ya fito kamar daga cikin waya. Kunnen mutum yana jin sauti daga girgiza 20 a sakan ɗaya har zuwa wajen 20,000, kuma aikin wufa shi ne can ƙasan, daga wajen 120 zuwa ƙasa. Masu haɗa kayan sinimar gida ma a 80 suka fi yanke mata iyaka. Nan ne rugugin tsawa yake, da bugun ganga, da gurnanin 'yan kallo in an zura ƙwallo a raga. Wanda ya taɓa kallon wasa da ita, in aka cire sai ya ji filin ya zama fayau.

To amma wannan sautin shi ne wanda katanga ba ta iya tarewa. Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan, don haka igiyar sauti mai girgiza 40 tsawonta ya haura mita 8, alhali falona ƙafa 12 ne ta kowane gefe, bai cika mita 4 ba. Siririn sauti labule da katifa da ƙofa suna shanye shi. Mai kaurin kuwa katangar kanta yake kaɗawa, ya bi daɓe, ya hau silin, ya sauka ɗakin wani. Ranar hawan salla, in kana bayan gari, ganga kake fara ji tun kafin sarewa ta iso kunnenka; haka maƙwabci yake da kai. Ba ya jin abin da 'yan wasa ke faɗa, ba ya jin waƙar, sai dum, dum, dum a ƙirjinsa, kuma wannan ya fi kowace hayaniya hana barci. A gidanmu na gado, inda katangar ƙasa ta yi kaurin kamu biyu, da abin ya zo da sauƙi. Bulo mai rami a ciki ba shi da wannan nauyin.

A Kano na sayi tawa, a layin masu kayan lantarki na Sabon Gari. Kana tsayawa yaron shago zai nuna maka kwali: “Malam, wannan wat 5,000 ce, har bayan layi za a ji ka.” Ni kuwa abin da nake gudu ke nan. Kuma lambar ma ba gaskiya ba ce. In ka duba kusa da ita za ka ga an rubuta PMPO, ma'aunin talla ne da kowane kamfani ke lissafa shi yadda ya ga dama. Ka ce a juyo maka da bayan akwatin. Akwai 'yar takarda a manne kusa da wayar wuta da ke faɗin abin da na'urar ke sha, sau da yawa wat 40 ko 60. Abin da ke shan wat 60 daga bango ba shi da inda zai samo 5,000 ya ba ka. Lambar da ake riƙewa ita ce mai RMS a gefenta, wato ƙarfin da na'urar ke iya bayarwa a kai a kai, kuma ga ɗaki irin namu wat 30 zuwa 50 ya wadatar har ya yi saura. Yamaha, da sunansu da komai, suna da wufa mai faifan lasifika inci 8 da suka rubuta mata wat 50, ba su ji kunya ba.

Faɗin faifan shi ne abu na biyu da nake dubawa. Inci 6 da rabi zuwa 8 shi ne na gidan haya. Inci 10 sai mai falo babba wanda ba ya haɗa katanga da kowa. Inci 12 da 15 na masu kiɗan biki ne da gidajen kallon ƙwallo, kuma ango in ya shigo da ita ɗaki, ko dai ya riƙa kunna ta a maƙure, kuɗinsa ya tafi a banza, ko ya sake ta a kai ƙararsa wurin mai unguwa. Bayan haka ka ɗaga akwatin ka ji nauyinsa, ka ƙwanƙwasa gefensa. Na katako mai kauri yana amsawa a daskare. Mai amsawa kamar fanko zai riƙa ƙara nasa kukan a kan sautin. Fitilun nan masu walƙiya ja da shuɗi da ke jan idon yara, ban san me suke ƙara wa kunne ba.

Abin da ba na sassauci a kansa shi ne maɓallin bes na daban, wato na ragewa ko ƙara sautin nan mai kauri. Akwai masu arha da yawa da maɓalli ɗaya ne ke ɗaga komai, in ka ƙara don ka ji magana sai rugugin ya taso tare da ita. Ka nemi wadda za ka rage bes ɗin shi kaɗai, ko a jiki ko a rimot, murya ta tsaya yadda take. Kuma kar ka yarda a gwada maka da waƙar da shagon ya saba gwaji da ita, an ƙure ƙara. Ka je da abinka a waya, labarai ko sharhin wasa, ka sa a rage sosai ka ji ko magana na fita tar. Ka tuna kasuwa fili ce mai hayaniya, bes ɗin da ka ji kamar bai isa ba a can, in ya shiga tsakanin katanga huɗu sai ya cika ɗaki.

Yawancin masu arha suna da ramin iska a gaba ko a baya. Ramin yana ƙara musu ƙarfi ba tare da ƙarin wuta ba, amma a marasa inganci sai ya sa duk wani bugu ya fito da murya ɗaya, buuum, ko ganga ce ko ƙofar mota. Rufaffiyar da ba ta da rami ta fi tsabtar sauti, ta fi dacewa da mu, sai dai ba ta cika samuwa a nan ba. In mai ramin ka samu, cusa soso a ciki yana rage kumburin. Ni da farko ba don sauti na toshe nawa ba, don ɓera ne. Lokacin kaka, in an shigo da gero da gyaɗa gida, ramin nan ƙofar ɗaki ce a wurinsa, kuma wayoyin ciki yake fara ci.

Sai maganar wuta, wadda a ƙauye ita ce gaba da komai. Mu da sola muke kallo. Batir mai 12V da 100Ah yana riƙe da kusan wat 1,200 na awa ɗaya, kuma in irin mai ruwa ne, rabin wannan kawai ya kamata ka ci in kana so ya yi ƙarko. Ka haɗa filasma inci 32 da dikoda da fanka da ƙwai biyu, ka ga abin da ya rage wa wufa. Wufa mai amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) irin wadda ake kira Class D ta fi tattalin wuta, ba ta kuma zafi sosai, abin da ke da amfani a watan Afrilu da Mayu in ɗaki ya zama tanda. Akwai kuma masu karɓar 12V kai tsaye daga batir. Na fi son su, don ƙaramar inbata mai arha takan sa wani zuuu a cikin lasifika wanda ba ya tafiya ko ka rage ƙara.

Kayan gwanjo akwai na kirki a ciki, wani lokaci sun fi sabo mai sheƙi, amma da tarko. Wanda ya fito daga Amurka na wuta 120V ne, tamu kuwa 230V, in ka soka shi ba tiransifomar rage wuta ya ƙone nan take. Wata wufar ba ta da amfilifaya a cikinta, sai an haɗa ta da uwar na'urarta. Wata kuma marar waya ce da aka raba ta da doguwar lasifikar da suka zo tare, ba za ta yi magana da kowa ba sai ita. Ka duba zoben roba da ya kewaye faifan ko ya tsattsage, ka danna faifan a hankali da yatsu ka ji ko yana gogar wani abu. Kafin ka bar gida ma ka leƙa bayan talabijin ɗinka, don sababbi da yawa ba su da ramin ja da fari na fitar da sauti, sai ramin HDMI ko na wayar haske da ake rubuta optical a gefensa. Haɗa su ta Bulutut ma yana yi, amma yakan sa baki ya riga murya.

Inda ka ajiye ta ya kusa kai wacce ka saya muhimmanci. Kowa a lungu yake tura ta don kar ta tare hanya, alhali lungu ƙara mata ƙarfi yake yi, in kuma lungun katangar maƙwabci ne an gama. Tawa tana gefen kujerar da nake zama, ta ɓangaren katangar da ke kallon waje. Tunda tana kusa da ni, kaɗan nake buɗe ta in ji ta sosai. Na ɗora ta kan yankin tsohuwar katifa mai tauri. Soson ba ya hana sauti bin iska, kar wani ya ruɗe ka, amma yana rage girgizar da ke shiga daɓe, yana kuma raba katakon da danshin damina da gara. Sauran ƙarar da ta rage ta kayan ɗaki ce: kwanukan jeren maiɗakina da marfin tagar ƙarfe. Ita ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana sa tsumma a tsakani, tana mita.

Gwajin gaske a ɗakin maƙwabci ake yin sa. Nawa dattijo ne, ma'aikacin asibitin garin, da mahaifiyarsa tsohuwa a wurinsa. Na yi masa sallama bayan magariba na ce, “Baba, alfarma nake nema. Zan sa yaro ya kunna kayan kallon nan, ni kuma in zauna a falonka in ji abin da kuke ji.”

Ya yi dariya ya ce, “Malam, ai ba ni za ka tambaya ba, Inna ce mai kunnen.”

Aka shiga da ni na durƙusa na gaishe ta. Yaro yana murɗawa ina sauraro, har ta ɗaga hannu ta ce, “Ɗan nan, nan ne ya fara taɓa mini ƙirji.” Na koma na ɗiga farin fenti a jikin maɓallin ƙarar, ƙasa da wurin kaɗan, na sake ɗiga wani can ƙasa sosai na bayan isha'i. In an kira salla kuwa kashewa ake yi gaba ɗaya, masallacin yana bayan gidan.

Daren ne mai wuya. Tun 1933 wasu masu bincike biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka nuna cewa in aka rage ƙara, kunne sautin ƙasa yake fara rasawa. Shi ya sa da dare hannu ke kai kansa ga maɓallin bes, kai kana jin ya ɓace, alhali katanga tana nan tana kai shi. Ga shi wasannin zakarun Turai a lokacin sanyi sai ƙarfe 9 na dare ake take su, a tashi wajen 11, lokacin da ƙauye ya yi tsit tuntuni. Da bazara kuma kowa a tsakar gida yake shimfiɗa. In dikodarka ko filasmarka tana da tsarin sautin dare, kunna shi, yana danne rugugi ya ɗago magana. Ni a irin wannan dare wufar kashe ta nake yi in sa abin kunne.

Akwai kuma wanda nake ce wa kar ya saya sam. Wani abokin aikina, labarai da tafsiri da shirye-shiryen Arewa24 ne kallonsa, ya zo da kuɗin wufa a hannu yana neman in raka shi Kano. Fitar magana ba a wurin wufa take ba, a ƙananan lasifikun take. Muka samo masa guda biyu na katako masu kyau, ragowar kuɗin ya cika ya canza batirin solarsa da ya fara mutuwa tun kafin ƙarfe 10.