Ni da lemar iska a bakin teku

Alhamdulillah, yau na miƙe a kan allon sulu, lemar iska, wato babbar lema mai igiyoyi da iska ke ɗagawa sama, tana jana a kan ruwa! Kuɗina ba yawa, shi ya sa na fara da ƙaramar lemar koyo a kan yashi, har hannuna ya saba. Allo da babbar lema na hannu na saya, amma sai da malamina ya bi igiyoyin lemar masu mita 24 da yatsunsa, ya gwada abin sakin gaggawa da ke sakin lemar idan an shiga haɗari. Kuɗin malami, hular kwano da rigar ruwa kam ban yi musu ƙwauro ba. Jiya iska tana kaɗawa daga tudu zuwa cikin teku, malamina ya ce kada in kuskura in shiga, don tana iya jana can cikin teku. Raina ya sosu, na naɗe lemata na zauna.