Gidan tsohon agogon nutso: abin da muke gyarawa da abin da muke bari

A wurin aikinmu ba ma taɓa inji. Idan agogo ya zo yana gudu ko yana latti, mukan zare injin mu miƙa wa wanda ya ƙware a kansa. Namu shi ne gidan: ƙarfen da ya rungume injin, murfin baya, zoben da ke juyawa a kewayen gilashi, kan saitin da ake murɗawa a gefe, da kunnuwa huɗun da maɗauri ke kamawa. Yawancin abin da ake kawo mana tsofaffin agogunan nutso ne, daga 1953, shekarar da Blancpain ta fito da Fifty Fathoms, Rolex kuma ta ƙera Submariner na farko, zuwa ƙarshen shekarun 1980. A tsakani akwai Omega Seamaster 300 na 1957, da Seiko 62MAS na 1965, wanda shi ne agogon nutso na farko da aka ƙera a Japan, da Doxa Sub 300 mai fuska ruwan lemo na 1967.

Waɗannan agoguna kayan aiki ne tun asali. Mai nutso yakan juya zoben ya daidaita alamarsa da hannun minti kafin ya shiga ruwa, don ya san tsawon lokacin da ya yi a ƙasa. Sun bugu da dutse, sun gogu da jikin jirgi, sun sha gishiri. Saboda haka tabo a jikinsu ba ya tayar mini da hankali. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne in ga agogon da ya haura shekara hamsin yana sheƙi ko'ina kamar yau aka ƙera shi, domin na san injin goge ya riga ni zuwa.

Gidan agogo daga masana'anta ba fuska ɗaya yake da ita ba. Saman kunnuwa yana da layi-layi siriri da aka ja ta hanya ɗaya, gefe kuma santsi ne mai ɗaukar ido, sannan a wasu samfura akwai wani ɗan yanka a kaikaice a inda saman da gefen suka haɗu. Kaifin wannan mahaɗa shi ne kyan agogon. Da zarar an danna gidan a jikin faifan goge mai laushi, faifan ba ya tantance tabo da kusurwa, duka yake ci. Kusurwa ta zama kumburi, kunne ɗaya ya fi ɗan'uwansa siranta, kafaɗun da ke kare kan saiti su kankance. A gidajen da aka huda kunnuwansu har waje, za ka ga bakin ramin ya lotsa, wani lokaci ma kan sandar maɗauri ya leƙo waje saboda ƙarfen da ke rufe shi ya tafi. Abin da nake fara yi ke nan idan agogo ya zo: in ɗauki ma'aunin kauri in auna kunnuwa huɗun ɗaya bayan ɗaya, in rubuta.

Masu agogo da yawa sukan ce, “A goge mini shi ya dawo sabo.” Amsata kusan kullum ɗaya ce: “Ranka ya daɗe, zan iya sa shi ya yi ƙyalli, amma duk ƙarfen da na kankare ya tafi ke nan. A bar kaza cikin gashinta.” Wasu su yarda, wasu su ɗauki kayansu su yi gaba.

Akwai hanyar mayar da ƙarfe, wato waldar leza. Ana sa gidan a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a riƙa narka siririyar waya ɗigo-ɗigo a cikin ramin ko a kan kusurwar da ta cinye, har wurin ya cika ya ɗan yi tudu. Daga nan sai a kwantar da shi a kan faifai mai tauri, shimfiɗaɗɗe, a sake fitar da fuskokin da kusurwarsu. Dole wayar ta dace da ƙarfen gidan. Wadda muka fi amfani da ita ita ce ta ƙarfen da ba ya tsatsa nau'in 316L, amma Rolex ta fara komawa nau'in 904L a tsakiyar shekarun 1980, kuma idan aka cakuɗa, wurin waldar yakan nuna wata inuwa daban a hasken rana. Idan kuma aka yi gaggawa, ƙananan ramukan iska kan maƙale a cikin waldar, sai an zo gogewar ƙarshe su bayyana.

Ina yin wannan aiki, amma a kan kunnuwa ba da son raina ba. Gidan da aka cike aka sake yankawa da kyau yana iya ruɗar ƙwararre, kuma bayan ya sauya hannu sau biyu ko uku sai ka ji ana tallarsa da cewa ba a taɓa goge shi ba. Shi ya sa muke ɗaukar hoto kafin aiki da bayansa, mu rubuta inda aka sa walda, mu ba mai shi takardar. Abin da ya yi da ita daga baya ya rage nasa.

Inda ba na jinkirin sa walda shi ne wurin da babu mai gani, wato magudanar da robar murfin baya ke kwanciya. Ƙarfen nan da ake cewa ba ya tsatsa yana kare kansa ne da wani siririn rufi da sinadarin kuromiyam ke yi idan ya haɗu da iska. A ƙarƙashin roba iska ba ta shiga, gishiri kuwa yana shiga, ya zauna. Rufin ya karye bai samu damar sake haɗuwa ba, sai ƙarfen ya fara ramuka ƙanana masu zurfi. Ba sai agogo ya ga teku ba. Gumin hannu na shekara da shekaru ya isa. Idan ramukan suka ratsa magudanar daga waje zuwa ciki, ko ka sa sabuwar roba ruwa zai bi ta ƙarƙashinta. Sai an ƙwaƙule tsatsar har a kai ga ƙarfe mai lafiya, a cike, a sake daidaita wurin a kan injin sassaƙa. Haka ake duba mazaunin gilashi da bututun kan saiti.

Bayan haka sai gwaji, kuma da gida babu inji muke fara shi, don idan ruwa ya shiga kada ya tarar da abin ɓatawa. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta agogunan nutso, ISO 6425, ta ce agogon nutso ya jure aƙalla zurfin mita 100, kuma a gwada shi da matsin da ya ɗara abin da aka rubuta a fuskarsa da kashi 25 cikin ɗari. A cikinta akwai wani gwaji mai sauƙi da nake so: a ɗumama agogon zuwa digiri 40 ko 45, a ɗiga ruwa a kan gilashi, a goge, a duba ko raɓa ta taru a ciki. Yawancin agogunan da muke gyarawa sun girmi wannan ƙa'ida, kuma ko sun ci gwajin, shawarata ita ce a nemi agogon zamani idan nutso za a yi da gaske. Fuskar 1965 idan ta sha ruwa ba a samun wata a kanti.

Rabin aikinmu a yanzu ba gyara ba ne, tantancewa ce. Mutum ya sayi agogo, ko yana shirin saya, ya kawo a gaya masa me ke jikinsa. A nan sai an bambance abubuwa, domin ba duk abin da aka sauya ne jabu ba. Submariner mai lamba 5513 an ƙera shi daga 1962 zuwa 1989, kuma duk lokacin da aka kai shi gyara kamfanin kan iya sauya hannuwa, ko faifan zobe (wato faifan lambobin minti da ke saman zoben), ko fuskar ma baki ɗaya, da sabon da ke hannunsa a lokacin. Wannan na kamfani ne, sai dai ba sa'an agogon ba ne. Akwai kuma wanda wasu masana'antu ke yi su sayar a fili a matsayin madadi. Jabu shi ne wanda aka yi, aka tsofar da shi da gangan, aka ce da shi agogon ya fito.

Ƙa'idata guda ce: sassan agogo tare suka tsufa, don haka dole bakinsu ya zo ɗaya. Rana ɗaya ta dake su, hannu ɗaya ya ɗaura su. Duk wanda labarinsa ya saɓa da na maƙwabtansa, shi nake tsarewa da ido.

Fentin da ke haske a duhu shi ne shaidar farko. Har wajen 1963 da radiyam ake haɗa shi, daga nan aka koma tiritiyam zuwa ƙarshen shekarun 1990, shi ya sa ake ganin “T SWISS T” ko “SWISS T<25” a ƙasan fuska. Ƙarfin tiritiyam yana raguwa da rabi duk shekara 12 da 'yan watanni, saboda haka fuskar 1970 ba ta da abin da za ta haska da shi yau. Idan ka haska mata fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba takardun kuɗi da ita, za ta amsa, ka kashe kuma ta mutu nan da nan. Fentin zamani kuwa yakan ci gaba da haske na tsawon lokaci, ko da an rina shi ruwan ƙasa don ya yi kama da tsoho. Idan fuska ta mutu hannuwa suna ci, an sauya hannuwan. Amma ba a yanke hukunci da launi kawai, domin hannuwa na asali sukan fi fuska duhu saboda tsatsar ƙarfen da ke riƙe da fentin. Radiyam kuma wata magana ce: sai bayan shekara 1,600 ƙarfinsa ke raguwa da rabi. Ya daina haske, amma na'urar Geiger, mai gano tururin da irin wannan sinadari ke fitarwa, tana jin sa sarai, kuma ƙurarsa ba abin shaƙa ba ce. Irin wannan agogo ba ma buɗe shi sai da safar hannu da takunkumi.

Faifan zobe shi ne aka fi yi wa ha'inci, don masu tara agogo suna son wanda ya koɗe ya zama toka-toka. Na alminiyam ne da aka rina, kuma rana da gishiri kan koɗar da shi a hankali, ba daidai wa daida ba, tare da ƙuje-ƙuje a inda yatsa ke kamawa. Masu ha'inci sukan tsoma sabo a ruwan bilic. Sakamakon yakan fito fari fat kamar alli, bai ɗaya daga gefe zuwa gefe, wani lokaci har bayan faifan, inda rana ba ta taɓa kaiwa ba, ya koɗe. Sai kuma siffar lambobi: kaurinsu, da yadda aka rufe saman 4, da tazarar da ke tsakanin 5 da 0. Wannan ba a koyonsa daga hoto. Muna da aljihun tebur cike da tsofaffin sassa da muka tabbatar da asalinsu, waɗansu ma sun lalace ba sa moruwa, amfaninsu kawai a ajiye su kusa da wanda ake tuhuma a ƙarƙashin madubi.

Rubutun da aka zana a ƙarfe ma yana magana. A tsofaffin Rolex lambar samfuri tana tsakanin kunnuwan sama, lambar agogon kuma tsakanin na ƙasa, sannan a cikin murfin baya, har farkon shekarun 1970, akan buga zangon wata uku-uku na shekara da shekarar, misali “II 67”. Dole waɗannan su yi kusa da juna. Zanen da aka yanka da ƙarfe yana da ƙasa mai tsini da haske. Na leza, idan ka ƙara girmansa, ɗigo-ɗigo ne da alamar ƙuna. Na asid kuma ƙasansa shimfiɗe yake da gurzi-gurzi. Agogunan da aka yi wa sojojin ruwan Birtaniya a shekarun 1970, masu lamba 5513 da 5517, suna da sandunan maɗauri da aka like su dindindin, da hannuwa masu siffar takobi, da harafin T a cikin da'ira, da zobe mai alamar minti sittin cif. Da yake darajarsu ta ninka ta gama-gari, akwai masu ɗaukar 5513 na kowa su like masa sanduna. Mahaɗar sandar da kunne nake fara dubawa, domin sabuwar walda ba ta da dattin shekara hamsin.

Kada a ɗauka masu tsada kaɗai ake yi wa haka. Seiko 6105 da 6309 (na biyun an ƙera shi daga 1976 zuwa 1988) suna da fuskoki da hannuwa da zobba na kwaikwayo da yawa a kasuwa. Seiko ta sauƙaƙa mana abu ɗaya: a lambar murfin baya, alƙalamin farko shi ne lambar ƙarshe ta shekara, na biyu wata, N na nufin Nuwamba, D kuma Disamba. Idan murfi ya ce 1978, fuska kuma fentinta fari tas yana haske kore shar, ƙananan rubutun ƙasanta sun yi kauri sun cakuɗe, to ba tare suka fito ba.

Jabun da ya fi ba ni haushi shi ne na kan saiti da gilashi, don su ne ke tsare ruwa. Rolex ta fito da kan saitin da take kira Twinlock a 1953, Triplock kuma a 1970, mai ɗigo uku a ƙarƙashin tambarin kambi. Na kwaikwayo yakan kwafi ɗigon daidai, amma tiredinsa, wato layukan da ake murɗa shi a kansu, laushi gare shi, yana shiga da gurnani, kuma cikin 'yan watanni ya cinye na bututun. Gilashin roba na jabu kuma idan faɗinsa ya kauce da abin da ido ba ya gani, zoben da ke matse shi zai tsaga shi daga gindi, a inda tsagar ke ɓuya.

Manyan kamfanoni da dama sun rage sayar da sassa ga masu gyara masu zaman kansu, tsofaffin da suka rage a hannun mutane kuma kullum ƙarewa suke. Don haka akwai lokacin da ni da kaina nake ba da shawarar madadi mai kyau, musamman gilashi da roba ga wanda zai ɗaura agogonsa kullum. Mukan auna shi, mu sa, mu gwada, mu rubuta a takarda cewa madadi ne. Tsohon da muka cire, ko ya tsage, mukan sa shi a 'yar jaka mu mayar wa mai shi tare da agogon. Wanda ya zo yana so mu koɗar masa da faifai ko mu rina masa fenti ya yi kama da na 1968, mukan ce masa ba ma yi.