Jan rubutun da ke saman kati

A watannin farko na aikin sanin makama da na yi a sashen magunguna na wani asibiti, da zarar na ga an rubuta da jan biro a saman katin mara lafiya cewa jikinsa ba ya karɓar fenisilin, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, sai madadin ya zo mini baki nan take: kilaritromaisin, azitromaisin, doksisaikilin. Haka muka haddace su saboda jarrabawa, kuma na ɗauka aikin ke nan.

Wata safiya aka kwantar da wani dattijo mai ciwon huhu, katinsa da jan rubutun nan. Likita ya tambayi abin da ya dace a ba shi, ni kuwa na ce kilaritromaisin. Shugabar sashenmu ba ta ce mini uffan ba. Ta jawo takardar magungunan da yake sha tun daga gida, ta ɗora yatsa a kan simbastatin, maganin rage kitsen jini. Gabana ya faɗi, domin na san karatun. Kilaritromaisin yana tare hanyar da hanta ke bi wajen sarrafa simbastatin, sai ya taru a jini, ya iya lalata tsoka, fitsari ya yi duhu, ƙoda ta taɓu. Da an bi maganata, da an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Daga nan ta ja ni zuwa bakin gadonsa, ta sunkuya ta gaishe shi.

"Baba, da ka sha maganin nan, me ya same ka?"

"'Yata, cikina ne ya murɗa, na yi zawo kwana biyu. An fi shekara ashirin."

"Ƙuraje fa? Leɓe ya kumbura? Numfashi ya sarƙe?"

"Ko ɗaya."

Murɗar ciki da zawo damuwa ce da maganin ke iya kawo wa kowa, ba borin jini ba ce. Likita ya ba shi amoksisilin, wanda dangin fenisilin ne, aka sa masa ido bayan shan farko, ya kuma samu sauƙi.

Ashe irin dattijon nan suna da yawa. Kusan mutum 1 cikin 10 ke cewa fenisilin ba ya yi masa, amma idan an gwada su, fiye da kashi 90 cikin 100 suna iya shansa lafiya. Ko waɗanda suka taɓa yin borin gaske, kusan kashi 80 cikin 100 abin yana barinsu bayan shekara 10. Wasu kuma tun suna yara wata cutar bairos ce ta feso musu da ƙuraje a daidai lokacin da suke shan amoksisilin, aka ɗora wa maganin laifi, rubutun ya bi su har girma.

Abin da ya fi damuna shi ne kowane madadi da nasa nauyin. Kilindamaisin na iya jawo mummunan zawo mai kumbura hanji. Sifirofuloksasin da danginsa kan raunana jijiyar agara har ta tsinke, musamman ga tsofaffi. Doksisaikilin ana kauce masa ga mai juna biyu. Azitromaisin kuwa, a rabon rukunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2017, yana cikin waɗanda aka ce a riƙa taka-tsantsan da su, domin yawan ba da su na sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Amoksisilin yana rukunin farko, wanda aka fi so a fara da shi.

Ba ina cewa a raina jan rubutun ba. Wanda fuskarsa ta kumbura ko numfashinsa ya sarƙe cikin awa guda da shan maganin, ko wanda fatarsa ta taɓa salewa har cikin baki da ido, wannan batu ne na rai, kuma dominsa aka tanadi madadin. Amma akwai inda madadin ba ya wadatarwa. Mai juna biyu da ta kamu da tunjere, fenisilin ne aka tabbatar yana warkar da ita tare da kare ɗan cikinta. Idan tana da borin gaske, sai a kwantar da ita, a riƙa ba ta ɗan mitsitsi ana ƙarawa a hankali cikin 'yan awoyi har jikinta ya saba, sannan a yi mata cikakkiyar allura.

Ranar da za a sallami dattijon, shugabar ta miƙo mini katinsa da biro. A ƙarƙashin jan rubutun na rubuta abin da ya faɗa mana da bakinsa, da kwanan wata, da cewa ya sha amoksisilin har ya gama ba abin da ya same shi. Likita ya sa hannu, na koma na karanta wa Baba da babbar murya don ya riƙe.