Daƙiƙa uku a hanyar Mirriya

Motar da nake ja ta wani ɗan kasuwa ce a Kasuwar Dole ta Damagaram, ƙaramar motar kaya mai buɗaɗɗen baya. Aikina in loda shinkafa da taliya da mai da sukari daga shago, in kai wa masu kanti a Mirriya da Matamaye da Magariya, wani lokaci har Tanut. A wannan sana'a salula rabin aiki ce. Maigida zai kira ya ce a ƙara wa wane buhu biyu, mai kanti zai kira ya ce yana ina ne kayansa, wani ya ce ya aiko da kuɗi a duba. Tun daga sallar asuba har a rufe shago ba ta hutawa, ni ma ban taɓa tunanin in hutar da ita ba.

Ba zan ce ban san doka ba. Tun a makarantar koyon tuƙi, lokacin da nake neman farmi, wato lasisin tuƙi, malaminmu ya faɗa mana cewa riƙe waya a hannu ana tuƙi laifi ne. Ƙasarmu Nijar ta sabunta dokar hanya a 2014, akwai kuma hukumar ANISER da ke faɗakarwa kan haɗurra, muna jin su a rediyo. Amma yadda muka fahimci dokar, mu direbobi, shi ne kada ɗan sanda ya gan ka. Shi ke nan. Idan ka doshi shataletale a cikin gari sai ka saki wayar a cinya, ka wuce, ka ɗauke ta ka ci gaba da magana daga inda ka tsaya. A kan doguwar hanya abokin sana'a zai ƙyafta maka fitila, ka san jandarmomi na gaba. Tsoron tara muke yi, ba tsoron hanya ba. Wannan tsoron ne ma ya koya mini ɗabi'ar da ta fi kowace muni: na daina ɗaga wayar sama inda za a gani, na koma ajiye ta a cinya ina sunkuyar da kai.

Ranar wata Lahadi ce cikin hunturu, ranar kasuwar Mirriya. Daga Damagaram tafiyar kilomita 18 ce kawai, hanyar da na bi ba adadi. Duk wanda ya san wannan hanya ranar kasuwa ya san yadda take cika: amalanken shanu da na jakuna, 'yan kabu-kabu da kaya niƙi-niƙi, mata da ƙwarya a ka, masu kora awaki a gefen kwalta. Da ɗan hazo, amma ba wanda zai hana gani ba. Ina tafiya wajen kilomita 60 a awa sai saƙon murya ya shigo ta WhatsApp daga maigida. Na danna, na ji yana cewa an sake lissafin kayan wani mai kanti, ya turo hoton takardar. Na hango amalanken jaki can gabana, ɗauke da kara, wani yaro zaune a kai, kuma na ga da sauran tazara. Sai na sunkuya in buɗe hoton. Rubutun ƙanana ne, na sa yatsu biyu in faɗaɗa shi.

Da na ɗago kai, karan ya cika mini gilashi. Jakin ya kauce wa wani rami ya hau kwalta sosai. Na taka birki da dukan ƙarfina, na murɗa sitiyari, amma gefen motar ya daki kusurwar amalanken ta baya. Na ga yaron ya tashi sama ya faɗi can cikin rairayi.

Akwai abin da ba ya fita daga kunnena har yau. Da na kashe mota, kafin mutane su iso, wuri ya yi tsit, sai muryar maigida daga ƙarƙashin kujera inda wayar ta faɗa, saƙo na gaba ya kunna kansa, yana cewa cikin natsuwa a ƙara katan biyu na taliya. Ga yaro kwance yana riƙe da hannunsa na dama, ya lanƙwashe a inda hannu ba ya lanƙwashewa, bai ma fara kuka ba. Takalminsa ɗaya na roba yana tsakiyar titi. Bai fi shekara goma sha biyu ba.

An kai shi asibiti a wata mota, ni na tsaya har jandarmomi suka zo yin awo. Babbansu ya bi sawun taya a kan kwalta da ƙafa, ya dawo ya tsaya gabana. Ya ce, "Malam, hanya miƙaƙƙiya ce, amalanke ba ya gudu. Me ya sa ba ka taka birki ba sai da ka zo kansa?" Mutanen da suka taru har sun fara ba ni mafita, wani na cewa hazo ne, wani na cewa laifin jakin ne. Kalmar hazo ta zo har bakina. Amma na ce, "Shef, waya nake dubawa." Ya daɗe yana kallona, sannan ya rubuta. Aka karɓi takarduna, aka tsare motar, na biya tara, muka ɗauki nauyin maganin yaron da gyaran amalanke. Duk wannan ya wuce cikin 'yan makonni kuma ba shi ne ya dame ni ba.

Mahaifin yaron ne ya dame ni. Dattijo ne manomi daga wani ƙauye kusa da hanya. Na same shi a bakin ɗakin da aka kwantar da ɗansa, na durƙusa na ce, "Baba, ni ne direban." Na shirya wa zagi, har mari. Sai ya kama hannuna ya ce, "Tashi, ɗana. Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Allah Ya kiyaye gaba." Na yi imani da ƙaddara kamar kowane Musulmi, kuma na san da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma ni na san abin da yatsuna biyu suke yi a lokacin. Mun saba mu lulluɓe sakaci da sunan tsautsayi, kuma wanda aka zalunta ne ma yake fara miƙo mana mayafin saboda kunya da kara. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Ni ban ɗaure nawa ba. Na faɗa wa dattijon gaskiya. Ya yi shiru, ya dubi ƙofar ɗakin, bai ƙara cewa komai ba, kuma wannan shirun ya fi mini nauyi a kan takardar jandarma.

Ƙanena da ke karatu a jami'a shi ya yi mini lissafin a bayan wata takardar kaya. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Sunkuyawar daƙiƙa uku, mita 50 ke nan. Idan a hanyar Yamai ce ko ta Tanut, inda muke sakin mota ta kai 90, mita 25 ne a daƙiƙa. Karanta saƙo na daƙiƙa biyar ya kai mita 125, ya zarce tsawon filin ƙwallo. Ban yarda da alƙalami ba sai da na koma wurin na auna da ƙafata, taku sama da sittin daga inda nake ganin na sunkuya zuwa inda amalanken yake. Da wani zai ce mini in rufe ido in ja mota wannan nisan a ranar kasuwar Mirriya, zan ce ya haukace. To, haka nake yi sau da yawa a kowace rana, shekara da shekaru. Ƙanen nawa ne kuma ya nuna mini abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa, cewa direban da ke amfani da waya ya ninka wanda ba ya yi kusan sau huɗu wajen yiwuwar yin haɗari, cewa haɗarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Sa'o'in yaron amalanke ke nan, da 'yan kabu-kabun da suka cika Zango da Sabon Gari.

Da aka sako motar na ɗauka na gano magani: na sayi abin sawa a kunne. Hannu biyu a sitiyari, ido a hanya, ba jandarman da zai ce na riƙe waya. Ba a yi wata biyu ba, ina kan hanyar Matamaye, wani mai kanti ya kira muna musu kan kuɗin da ya ce ya biya ni kuma na san bai biya ba. Sai da muka gama na lura na wuce mararrabar Takeita, inda ake karyawa kudu, na miƙe hanyar Tasawa. Idona biyu, a buɗe, amma ban ga mararrabar da na sani kamar ƙofar gidanmu ba. Na gangara gefe na kashe mota, jikina na rawa, domin da wani amalanke ne a wurin, shi ma ba zan gan shi ba. Ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu. Doka hannu take iya gani, amma abin da waya ke sacewa hankali ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce wayar da ba a riƙe da hannu ba ta fi ɗayar aminci da wani abin kirki ba, kuma a Faransa tun 2015 aka hana direba sa abin sauraro a kunne gaba ɗaya.

Daina ɗauka bai yi mini wuya kamar fuskantar masu kiran ba. A wurinmu ƙin amsa kiran babba raini ne. Na sami maigida bayan la'asar, shago ya yi sauƙi, na ce, "Alhaji, ina neman alfarma. In ina kan hanya ba zan ƙara ɗaukar waya ba, ko taka ce." Fuskarsa ta canza. Ya ce kasuwa ba ta jira, in mai kanti ya kira bai same mu ba wani zai kira. Na ce gaskiya ne, amma kwanakin da motar ta yi a tsare sun fi duk cinikin da kiran waya ya taɓa kawo mana, ban da hannun yaron mutane. Ya ja carbi ya yi shiru. A ƙarshe muka daidaita: yaron mota ne zai riƙa riƙe wayar, ya amsa, ya rubuta abin da aka ce. In abu ne da sai ni, sai na sami wurin da zan sauka daga kwalta gaba ɗaya, ba in tsaya rabi a titi ba kamar yadda wasu ke yi, wanda shi ma wani haɗarin ne musamman da dare. In ni kaɗai ne, wayar tana cikin akwatin gaban mota a rufe. Mun yi asarar abokin ciniki ɗaya, ya ce na fara girman kai. Inna kuwa, wadda in ta kira sau biyu ba a ɗauka ba sai ta tayar da gida, ita ta fi kowa saurin fahimta. Yanzu in na kira ta daga baya sai ta ce, "Ka tsaya ko kana tafiya?" kafin ma ta amsa gaisuwa.

Wannan tambayar nake so ta shiga bakin kowa a garin nan. Jandarma ba zai iya zama a kowace mota ba, daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Amma mai kira yana jin ƙarar inji da iska ta cikin waya, ya san sarai wanda ya kira yana kan hanya, kuma ya ci gaba da zuba. Fasinjoji goma sha tara za su zauna a mota, direba na dariya da waya a kunne yana wuce tirela, ba mai cewa uffan don kada a ce ya cika fitina. Mace za ta hau kabu-kabu da goyo, mai babur ya cusa waya cikin hula yana tuƙi da hannu ɗaya, ta yi shiru. Ni yanzu ba na shiru. In na hau motar haya na ga haka, ina cewa, "Direba, don Allah ka ba ni in riƙe maka, ko ka tsaya mu jira ka." Wasu su harare ni, wasu su ajiye. Ba a taɓa sauke ni ba.

An cire wa yaron filasta bayan kusan wata biyu. Hannun ya haɗe, sai dai ba ya miƙewa sosai daga gwiwa, kuma mahaifinsa ya ce in sanyi ya sauko yana yi masa ciwo. Ya koma jan amalankensa. Kusan kowace Lahadi ina cim masa a wajen wannan ramin, wanda har yanzu yana nan. Ina rage gudu tun daga nesa, in yi masa ƙaramin oda. Yakan ɗago mini hannun hagu. Makon jiya da na wuce shi wayar tana ta ruri a cikin akwati, ta katse, ta sake, har muka shiga Mirriya na tsaya gindin wata kuka, na buɗe na ga maigida ne, yana tambaya ko mun isa lafiya.